Rowland Bingham (1872-1942): Tarihin Baturen da Ya Kafa Mishan Ba Shi da Ko Anini

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zama a Jos ya san asibitin Jankwano, haka kuma da wuya a sami gari a tsohon Lardin Kano wanda ba a taɓa ɗaukar mai ciwon ido daga cikinsa an kai shi asibitin ido na mishan da ke Kano ba. Waɗannan wurare biyu, tare da ɗimbin majami'un E.C.W.A. da ke warwatse a Arewacin Nijeriya, duk rassa ne na itace guda, watau Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da S.I.M. Amma kaɗan ne daga cikin masu shan inuwar itacen suka san wanda ya dasa shi, balle irin wuyar da aka sha kafin ya kama ƙasa. Wannan maƙala za ta bi tarihin mutumin, Rowland Victor Bingham, musamman ta fuskar aƙidar da ya gina aikinsa a kanta, wadda ita ce dogara ga Allah kaɗai wajen samun abin masarufi. Hausawa Kirista kan kira wannan aƙida bangaskiya ga tanadin Allah. A bakin sauran Hausawa kuwa, kalmar da ta fi kusa da ita ita ce tawakkali.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Bingham ran 19 ga Disamba, 1872, a wani gari da ake kira East Grinstead a kudancin Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu, ya bar iyali cikin ƙuncin hannu, har ya zama dole yaron ya kama aikin ƙaramin malami a makaranta domin ya taimaki gida. Yana da shekara 15 ya shiga ƙungiyar Salvation Army, watau Rundunar Ceto, ƙungiyar masu wa'azi a kan titi da ke sa kaya irin na soja. Daga nan ne halinsa na kafiya ya fara bayyana. Mahaifiyarsa tana da ɗan kanti inda ake sayar da taba, shi kuwa ya ga lamirinsa ba zai bar shi ya riƙa miƙa wa mutane taba ba. Maimakon ya zauna ana ta saɓani a gida, sai ya haɗa nasa ya nasa ya haye teku zuwa Kanada yana ɗan shekara 16. Can ma ya ci gaba da aiki da Rundunar Ceto na ɗan lokaci, sa'an nan ya bar ta ya zama mataimakin wani fasto mai suna John Salmon a birnin Toronto.

A Toronto ɗin ne, cikin shekarar 1893, ya gamu da wata dattijuwa, Margaret Gowans, wadda ta gayyace shi gidanta ta yi ta ba shi labarin ƙasar Sudan. Abin da Turawan wancan zamani ke nufi da Sudan shi ne faffaɗar ƙasar nan ta baƙar fata da ke kudu da Hamada, tun daga Kogin Kwara har Kogin Nilu, kuma ƙasar Hausa da Barno su ne cibiyarta. Ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila yana neman ƙungiyar da za ta aike shi can. Ba a yi mako uku ba Bingham ya shiga jirgin ruwa ya bi shi. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Buffalo ta Amurka, abokin karatun Walter.

Babu ƙungiyar mishan ko ɗaya, a Amurka ko a Ingila, da ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Wasu suka ce ba kuɗi, wasu suka ce ƙasar kabarin Bature ce. Samarin nan uku, babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu, suka yanke shawarar su tafi a kan kansu.

Aƙidar da Suka Tafi da Ita

Kafin a bi su Ikko, ya kamata a fahimci abin da ya ba su wannan ƙarfin hali, don kada a ɗauka wauta ce tsagwaronta. Tsofaffin ƙungiyoyin mishan, irin su C.M.S. ta Cocin Ingila wadda aka kafa a 1799, suna da baitulmali da kasafin kuɗi, ba sa aika mutum sai sun san inda albashinsa zai fito. Amma a ƙarni na 19 wata sabuwar hanya ta ɓullo. Wani Bajamushe mai suna George Müller ya buɗe gidajen marayu a Bristol, ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai taɓa roƙon ɗan Adam ko kwabo ba, ba kuma zai ci bashi ba, sai dai ya kai kukansa ga Allah cikin addu'a. Kafin ya rasu a 1898 marayu wajen 10,000 sun ci sun sha a hannunsa. Hudson Taylor ya ɗauki wannan tsari ya kafa China Inland Mission da shi a 1865, ya aika da ɗaruruwan mutane ƙasar Sin ba tare da ya yi wa kowa alkawarin albashi ba.

Hujjar waɗannan mutane daga Littafi Mai Tsarki take. Sukan kawo labarin annabi Iliya da hankaki suka riƙa kai wa abinci a lokacin fari, da labarin Bani Isra'ila da aka ciyar shekara arba'in a jeji, da kuma koyarwar Almasihu a cikin Linjilar Matiyu, inda ya ja hankalin almajiransa ga tsuntsaye waɗanda ba sa shuka ba sa girbi amma ba sa kwana da yunwa. A ganinsu, in aikin na Allah ne, to guzurinsa ma yana wuyan mai aikin. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, wanda tun kaka da kakanni yake cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Manomin Gagarawa ko na Sule Tankarkar da ke fita da sauran 'yar hatsin da ta rage a rumbu ya yi binne a busasshen rairayi, alhali ko gajimare bai gani ba, ya san wannan lissafi sarai. In ruwa ya sauka da wuri ya riga kowa cin tumu. In ya yi jinkiri, ko ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tafi ke nan. Irin binnen da samarin nan suka je yi ke nan, sai dai su da rayukansu suka yi.

Tafiyar Farko

Sun sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893. 'Yan mishan ɗin da suka tarar a can ba su ɓoye musu komai ba. Shugaban mishan ɗin Methodist ya gaya musu cewa su ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai ko jikokinsu. Ga shi kuma kuɗin da ke hannunsu bai taka kara ya karya ba. Tafiya cikin ƙasa a wancan zamani kuwa aba ce mai cin dukiya, domin kuɗin Turawa ba su da amfani da zarar an yi nisa da bakin teku. Sai an sayi tufafi da sauran haja waɗanda za a riƙa musanyawa da wuri, a ɗauki 'yan alaro masu ɗaukar kayan, a ciyar da su, a kuma tanadi gaisuwar kowane sarki da za a ratsa ƙasarsa.

Suka sayar da abin da za su iya sayarwa cikin kayansu, suka keɓe mako guda suna addu'a. Bingham ya ba da labari daga baya cewa jirgin wasiƙun da ya iso bayan haka ya zo musu da kuɗi, kuma mafi yawan kuɗin daga wata mata mai aikatau a gidan mutane suka fito, wadda ta ci ɗan gado ta tattara shi duka ta aiko. Wannan abu ya zauna masa a zuciya har ƙarshen ransa, ya zama hujjarsa a duk lokacin da aljihun mishan ya bushe. Abin lura a nan shi ne, tun daga wannan kyauta ta farko har zuwa shekaru masu yawa, da kuɗin masu ƙaramin ƙarfi aka riƙa tafiyar da S.I.M., ma'aikata da manoma da gwauraye, ba ta da wani attajiri guda da ta jingina da shi.

Kuɗi sun samu, amma lafiya ta ƙi. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham, aka shirya shi ya tsaya a bakin teku ya riƙa karɓar saƙo yana aika musu da kaya, Gowans da Kent kuwa su nausa arewa. Niyyarsu su kai Kano, in hali ya yi su wuce har Tafkin Chadi. Ba su san cewa sun zaɓi mafi munin lokaci ba. A shekarar 1893 ɗin nan Rabe ya ci Barno ya ƙone Kukawa, a cikinta kuma Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, bai lafa ba sai 1895. Hanyoyin da ke kudu da Zariya kuma suna fama da hare-haren Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse. Labaran da mishan ɗin ta adana sun nuna cewa Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Kontagora, ya yi hasarar hajarsa, ya isa Zariya a galabaice da atini. Turawan da ya tarar a can suka ba shi shawara ya koma bakin teku. Bai yi nisa ba ya cika a garin Girku, cikin watan Nuwamba, 1894. Kent, wanda ya koma Ikko ɗebo kaya ya sake kamo hanya, ya rasu a Bida cikin watan Disamba. A daidai wannan lokaci ne C. H. Robinson, wanda ɗaliban Hausa suka sani saboda ƙamusunsa, ya ratsa Zariya ya shiga Kano. Bambancinsa da su shi ne, shi yana da ƙungiya a bayansa, da likita a ayarinsa.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba shi da abin nunawa sai kaburbura biyu. Ya ɗauki 'yan kayan Walter ya kai wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ta karɓe shi, ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan cikin biyayya ga Ubangijinsa da a ce yana zaune gida lafiya cikin saɓa masa. Ita ce kuma ta ci gaba da tara mutane a ɗakinta ana addu'a domin Sudan, a lokacin da shi kansa Bingham ya rasa inda zai sa kansa.

Tawakkali da Kwinin

Nan ne wurin da tarihin mutumin ya fi cancantar a tsaya a kansa. Bingham bai ɓoye ba cewa mutuwar abokansa ta girgiza bangaskiyarsa har saiwa. Dalili kuwa, mutanen da ya tashi a hannunsu a Toronto mabiya koyarwar A. B. Simpson ne, wani shahararren mai wa'azi na New York, wanda ya koyar da cewa warkar da jiki tana cikin abin da Almasihu ya riga ya saya wa mai bi, don haka mai cikakkiyar bangaskiya ba ya bukatar magani. To ga mutum biyu da suka bar kome saboda Allah, ciwo ya kashe su cikin wata guda. Ko dai bangaskiyarsu ce ta gaza, ko kuwa koyarwar ce ke da gyara. Tambayar ba ta ilmi ba ce kawai a gare shi, domin amsarta ce za ta nuna ko yana da ikon ya sake kiran ɗan wani ya bi hanyar da ta ci Gowans.

Shekaru ya yi yana juya al'amarin. Ya ɗan koyi aikin magani a wani asibiti a Cleveland, ya yi karatu a makarantar Simpson ɗin kanta a New York, ya riƙe wata majami'ar Baptist a Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma ya samu ya haɗa 'yar majalisa a Toronto mai suna Africa Industrial Mission, wadda suna ne kawai gare ta, asusunta wayam. A 1900 ya sake sauka Ikko da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗora shi a jirgi aka mai da shi gida, samarin kuma suka karaya suka biyo jirgi na gaba. Shekara bakwai ke nan ana abu ɗaya, ba tasha ko ɗaya, ba mabiyi ko ɗaya. Shi da kansa ya ce bai taɓa shiga duhu irin na wannan lokaci ba.

Matsayin da ya tsaya a kai daga bisani, wanda ya bayyana a littafinsa The Bible and the Body na 1921, shi ne cewa Allah yana warkarwa yadda ya so, da magani ko ba magani, kuma maganin kansa yana cikin tanadin Allah, saboda haka ƙin shansa gwada Allah ne. Ilmin zamani ma ya taimaka masa. Tun 1854 Dokta Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgi ya fito bai rasa mutum ko ɗaya ba saboda yana ba su kwinin kullum, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Bingham ya raba abu biyu da malamansa suka haɗa. Ya riƙe tawakkali a kan kuɗi da hannu biyu, ya saki ƙin magani. Masu iya magana sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, to wannan ne darasin da ya biya da kaburbura biyu da jinya biyu. Da bai yi wannan rarrabewa ba, da wuya a ce mishan ɗin da ya kafa ta zama mai asibitoci, kuma kamar yadda za a gani, asibiti ne ya buɗe mata ƙofar ƙasar Hausa.

Bature Mai Magani

Ayari na uku ya tashi a 1901, mutum huɗu, ba Bingham a ciki. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, ƙasar Nufawa, a bakin Kwara. Mabiya Bingham sun ɗauki wannan a matsayin amsar addu'a. Mai nazarin tarihi kuwa dole ya ƙara da cewa a 1901 ne sojojin Lugga suka ci Bida da Kontagora, watau bindigar Turawan mulki ce ta share hanyar da ta gagari Gowans da Kent. Ko a hakan ma, kafin shekara biyu ɗaya ya mutu, biyu an mai da su gida ba lafiya, saura A. W. Banfield, wanda daga baya ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci.

A wannan tsakani ne mutumin da Hausawa suka fi sani a duk S.I.M. ya shigo. Andrew Stirrett mai haɗa magunguna ne a Toronto, yana da kantunan magani da gidajen haya, shekarunsa 37. Ya karanta wata 'yar ƙasida da Bingham ya rubuta a kan Sudan, sai ya tattara dukiyarsa ya damƙa wa mishan ɗin, ya shiga jirgin dakon shanu zuwa Liverpool tun majalisar ba ta gama shawarar ɗaukarsa ba. Ya iso Patigi a 1902, aka buɗe tashar Wushishi a 1904, wadda ita ce ta farko da ta fuskanci masu jin Hausa. Stirrett ya laƙanci Hausa, ya riƙa bin zangon fatake da kasuwanni yana wa'azi yana ba da magani, har aka laƙaba masa Bature Mai Magani. Shi ne ya matsa wa 'yan'uwansa lamba a kan shan kwinin kowace rana, mace-macen da suka addabi mishan ɗin suka ragu ƙwarai. Bai yi aure ba, bai koma ga dukiyarsa ba, ya rasu a Jos a 1948.

Ga ɗalibin harshe, babban abin tunawa da shi shi ne zamansa cikin kwamitin da ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Dokta Walter Miller na C.M.S. Zariya, wadda aka buga da boko a 1932, shekara guda kafin gasar da ta haifar da su Ruwan Bagaja, shekara biyu kafin ƙamusun Bargery. Masu fassarar ba su sami wata ma'adanar kalmomi ba sai wadda Musulunci ya riga ya cika, don haka addu'a da alheri da albarka da sadaka da annabi duk suka shiga bakin Kirista yadda suke. Inda suka fi jingina ga Hausa tsantsa shi ne kalmar bangaskiya, daga ba da gaskiya, ita ce kuma ta zama kan gaba a maganar masu bi har yau.

Ƙofar Ƙasar Hausa

Mishan ɗin ta sha canjin suna, har ta ɗan haɗe da Sudan United Mission ta Karl Kumm na ƙanƙanen lokaci, kafin ta tsaya a kan Sudan Interior Mission. Amma Sudan ɗin da aka yi sunan dominta ta ci gaba da zama a rufe. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba, Razdanonin da suka biyo baya kuma suka fassara alkawarin da cewa ba ɗan mishan da zai zauna a ƙasar sarki Musulmi. Saboda haka S.I.M. ta karkata ga Egbe a ƙasar Yagba a 1908, da Kwoi, da Karu, da Miyango, da Kagoro, ta mai da Jos hedkwatarta. A waɗannan wurare ne ta sami jama'a.

Bingham ya yi shekaru yana jayayya da gwamnatin mulkin mallaka a kan wannan hani, a rubuce da kuma baki da baki. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da shi. Rubuce-rubucensa a kan ƙasar Hausa cike suke da siffanta ta da duhu, alhali ƙasa ce mai malamai da littattafai da alƙalai tun ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Bai ga cewa tawakkalin da yake taƙama da shi yana nan shimfiɗe a zauren kowane malamin allo ba, wanda ke karantar da yara ba albashi, yana jiran abin da Allah zai hore. Mutanen da suka sha yunwar Kakalaba a 1914 ba sa bukatar a zo daga Toronto a koya musu haƙuri da rashi.

Abin mamaki, ta hannun Faransa aka fara samun shiga. A 1924 S.I.M. ta zauna a Damagaram, bayan 'yan shekaru kuma ta buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi. Watau ɗan mishan yana zaune arewa da Maigatari shekara tara kafin a ba shi izinin zama a Kano, ƙasar Gumel tana tsakiya, fatake suna ratsa ta suna kai labari gaba da baya. Sai a 1933, zamanin Gwamna Cameron, aka sassauta har S.I.M. ta sami wuri a Kano, shekara arba'in cif bayan saukar samarin nan uku a Ikko. Abin da ya faɗaɗa ƙofar kuwa kuturta ce. Hukumomin En'e sun kafa zangunan kutare amma ba su da ma'aikatan da za su zauna a ciki, 'yan mishan kuwa a shirye suke. A 1937 aka damƙa wa S.I.M. zangunan Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Daga nan ƙananan tasoshi masu ɗakin magani suka bazu, irin su Roni a ƙasar Kazaure da Garun Gabas a ƙasar Haɗejiya, maƙwabtan Gumel ta yamma da ta gabas. Sarakuna sun karɓi maganin suna sa ido a kan wa'azin, musamman abin da ya shafi yara, kuma waɗanda suka bi sabon addinin a waɗannan wurare ba su da yawa in aka gwada da na kudancin Zariya.

Shekarun Karayar Arziki

Gwajin ƙarshe da aƙidar Bingham ta fuskanta shi ne karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, wadda ta karya farashin gyaɗa a Kano har talaka ya rasa kuɗin haraji. A Amurka da Kanada masana'antu suka rufe, masu ba da baiko suka rasa aiki. Manyan ƙungiyoyin mishan masu kasafin kuɗi suka shiga rage ma'aikata. Bingham ya ƙi. Tsarin S.I.M. shi ne ba a cin bashi, ba a yi wa kowa alkawarin albashi, abin da ya shigo a zuba shi a tukunya ɗaya a raba daidai. In wata ya zo da ƙaranci, kowa ya ɗaure ciki. Da wannan tsari ya ci gaba da karɓar sababbin ma'aikata a shekarun da wasu ke sallama, mishan ɗin da ta riga ta shiga Habasha a 1927 ta ƙara yaɗuwa maimakon ta tsuke.

Sai dai kada a ɗauka Bingham ya naɗe hannu ne yana jiran hankakin Iliya. Tun 1904 yake riƙe da wata mujalla wadda daga baya aka sani da Evangelical Christian, ya kafa kamfanin buga littattafai, a 1924 ya buɗe wurin taron shekara-shekara na Canadian Keswick, ya kuma yi ta zagaya Amurka da Ingila da Ostareliya yana ba da labarin Sudan. Bai ce wa kowa ba ni ba, amma ya tabbata kowa ya san akwai bukata, ya kuma san adireshin da za a aika. Tsakanin wannan da roƙo akwai tazara, ko da yake ba ta kai faɗin da mabiyansa suke ba ta ba. Wani abin kuma, shi a Toronto ya yi yawancin rayuwarsa, ziyara kawai yake kawowa Afirka. Nauyin rabon da ya gaza a kan matan 'yan mishan da ke ƙauyuka ya fi sauka, da 'ya'yansu da ake rabawa da iyaye a kai su gidan reno na Gowans a Collingwood, da kuma masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda abin da ake ba su bai kai na Bature ba ko kusa, suna noma da hannunsu su ci.

A ƙarshen 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Bingham yana shirin bikin cikar mishan ɗin shekara hamsin, ya kuma gama rubuta tarihinta, wanda ya kasa shi bakwai-bakwai ya sa masa suna Seven Sevens of Years and a Jubilee. Ciwon shanyewar jiki ya buge shi a farkon Disamba, ya rasu ran 8 ga watan, saura kwana 11 ya cika shekara 70. A lokacin S.I.M. tana da ma'aikata wajen 400. Littafin ya fito a 1943, shekarar da aka buɗe asibitin ido na Kano. Asibitin Galmi a Nijar ya biyo baya a 1950, a 1954 majami'un da mishan ɗin ta kafa a Nijeriya suka haɗu suka zama E.C.W.A., ita ce kuma ta buɗe jami'a a Karu a 2005 ta sa mata sunan Bingham, asibitin Jankwano ya zama asibitin koyarwarta.